Tura bidiyon biki daga Nima zuwa Kumasi ba tare da wani ido ya gani ba: ku taimaka min da scp ɗin nan

Maman Hanifa, Nima

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina zaune a Nima, nan Ankara ta Gana, sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo a wajen biki da suna, bana shekara bakwai ke nan. Yawancin aikin da ake kira na ɓangaren mata ne: daren lalle, wankan amarya, buɗar kai. Iyayen amarya suna nemana ne don ni mace ce. Ɗakin da nake shiga da kyamara, mata sun ajiye mayafi, ana rawa, ana kuka, gwaggo na yi wa amarya nasihar da ba a yi a gaban maza. Duk abin da ya shiga katin kyamarata amana ce aka ɗora min.

Ni ɗauka kawai na iya. Mai tace min aikin ƙanwata ce Ummi, tana Aboabo a Kumasi, ita ta karanta kwamfuta. Biki ɗaya yakan ci min giga 60 zuwa 90. Da, diski nake zubawa, in sa a ambulan, in kai tashar Sakil, wato shataletalen Kwame Nkrumah, in ba motar Kumasi, ita ta je ta karɓa. Haka muka yi shekaru, har ranar da abin ya fita min a rai. Na liƙe ambulan da salatif ruwan ɗorawa, irin wanda nake saye a bakin kasuwar Nima, na rubuta lambarta a kai. Saƙon da ya kamata ya isa da yamma bai isa ba sai washegari, kuma da ta ɗauko hotonsa ta turo min, farin salatif ne a bakinsa. Wani ya buɗe ya mayar. Ko cigiyar kuɗi yake yi, ko jona diskin ya yi a kwamfuta, Allah ne masani. Bikin 'yar wata Hajiya ce a Mamobi, wadda ta riƙe hannuna ta ce "'yata, na yarda da ke." Na fi wata guda ina buɗe TikTok gabana na faɗuwa. Alhamdulillahi har yau ba mu ga komai ba, amma tun ranar ban sake ba mota diski ba.

WhatsApp ba ya ɗaukar irin wannan nauyi, idan ma ya ɗauka sai ya matse bidiyon ya lalata shi. Ajiyar intanet ta kyauta giga 15 ce, rabin daren lalle ma bai shiga ba, kuma raina bai kwanta in ɗora tsiraicin mutane a ɗakin ajiyar da ban san mai shi ba.

Da na je Kumasi babbar salla, Ummi ta nuna min wata tsohuwar kwamfuta ta tebur da ta sa wa Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, ta ce ita ce rumbunmu. Ta buɗe min baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni a laftof ɗina, Windows 11 ce, ta sa na rubuta:

`scp D:\biki\lalle1.MP4 ummi@192.168.1.20:/home/ummi/aiki/`

Ya tambayi kalmar sirri, na sa, sai ga lissafi yana hawa. Wallahi na ji daɗi. To amma abu biyu suka biyo baya. Muna cikin tura wani fayil mai giga 38, ya kai kashi 71, sai dumso ta zo, wato aka ɗauke wuta, rauta ta mutu. Da wuta ta dawo muka sake, ya koma sifili, kamar ba a taɓa yin komai ba. Na biyun ya fi ci min rai: da na dawo Nima na rubuta wannan layin harafi da harafi, yadda na kwafa a littafina, sai ya yi shiru, can ya ce `Connection timed out`. Na gwada ya fi sau goma. Ummi ta ce kwamfutar a kunne take.

Abin da nake roƙo: me ya sa ya yi a Aboabo ya ƙi a Nima? Akwai dabarar da zai ci gaba daga inda ya tsaya? Sannan ku faɗa min tsakani da Allah, wannan hanyar, mai kamfanin layi ko wani ɗan ƙwaya da ya iya kwamfuta ba zai iya leƙa abin da ke wucewa ba? Ina da biki Asabar ta sama. Ku yi min bayani irin na wadda ba ta yi karatun abin ba, amma ba na tsoron baƙin allo.

Malam Idi, Asawase

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Allah ya saka miki da alheri a kan yadda kika ɗauki amanar mutane. Na shekara goma sha biyar ina kula da kwamfutocin wata makaranta a nan Kumasi, bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ta hana ki barci.

Wannan scp ɗin, umarnin kwafar fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta, a kan SSH yake tafiya, wato kullalliyar hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Wani mutumin Finland, Tatu Ylönen, shi ya ƙirƙiro SSH a 1995, bayan an kama ana satar kalmomin sirri a kan layin jami'arsu, Jami'ar Fasaha ta Helsinki. Kafin nan mutane da telnet da FTP suke aiki, waɗanda ke aika kalmar sirri da fayil a fili, duk wanda ya zauna a kan hanya ya karanta. SSH yana rikita komai tun daga kwamfutarki, ba ya warwarewa sai a ta ƙanwarki. Mai kamfanin layi zai ga cewa kaya masu nauyi sun tashi daga nan zuwa can, zai san girmansu da lokacinsu, amma fuskar amarya ko ɗaya ba zai gani ba. Wanda ke cikin Windows ɗinki da Ubuntu ɗin Ummi duk OpenSSH ne, na mutanen OpenBSD, tun 1999 ake aiki da shi, bankuna da manyan kamfanoni da shi suke shiga injinansu. A kan hanya kam ki kwantar da hankalinki.

Inda ake samun ɓaraka shi ne ƙofa. Kalmar sirri ana iya cinkarta, ana iya leƙa ta a littafinki. Ki koma mabuɗi. Kuma tunda rsync zan ba ki shawara, wani umarnin kwafar fayil wanda ba ya cikin Windows, fara sa Ubuntu a cikin Windows ɗin naki. Buɗe PowerShell a matsayin mai iko da kwamfutar, ki rubuta `wsl --install`, ki kashe ki kunna. Za ki samu baƙin allo irin na Ummi sak. A cikinsa diskinki na D sunansa `/mnt/d`. Sai ki rubuta:

`ssh-keygen -t ed25519`

Zai haifar da fayil biyu. Ki ɗauke su kamar kwaɗo da ɗan mabuɗinsa. Mai `.pub` a ƙarshe shi ne kwaɗon, shi ake kai wa a rataya a ƙofar Ummi, ko duniya ta gan shi ba komai. Ɗayan, `id_ed25519`, shi ne mabuɗin. Ba ya barin laftof ɗinki. Ba a tura shi ta WhatsApp, ba a ba mai gyara, ko Ummi ba ta da buƙatarsa. Idan ya tambaye ki kalmar da za ta kulle mabuɗin, kada ki bar wajen fanko, ki sa jimla mai ɗan tsawo da ke kaɗai kika sani. Ranar da aka sace laftof, wannan jimlar ce tsakanin ɓarawo da rumbunku. Rataya kwaɗon kuwa layi ɗaya ne:

`ssh-copy-id ummi@adireshin-kwamfutar`

Idan kin tabbatar kina shiga da mabuɗi, Ummi ta buɗe `/etc/ssh/sshd_config` ta mayar da `PasswordAuthentication` zuwa `no`, ta sake tayar da ssh. Amma ta bar tagar da take ciki a buɗe har ki gwada daga sabuwa. Na taɓa kulle kaina a waje ta haka, sai da na hau taksi na je na zauna gaban injin.

Yanzu maganar komawa sifili. Wannan halin scp ne, bai san ci gaba ba. Ko da OpenSSH 9.0 ta 2022 ta canza masa ciki ya koma bin tsarin SFTP, yadda kika kira shi ɗin nan daga farko zai fara. Don ƙaramin fayil ba laifi. Don giga 38 a ƙasar da ake ɗauke wuta, rsync ne maganinki. Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fito da shi a Ostareliya a 1996, lokacin da layi ke da tsada da rauni, aikinsa ke nan: ya duba abin da ya riga ya isa, ya aika saura. Shi ma ta cikin SSH yake bi, tsaron ɗaya ne. Dole ya kasance a kwamfutocin biyu, `sudo apt install rsync`. Ga layin da zan ba ki:

`rsync -rtvP --append-verify --timeout=60 /mnt/d/biki/mamobi ummi@adireshin:/home/ummi/aiki/`

A intanet za ki ga kowa yana rubuta `-avP`. Na canza da gangan. `-a` yana kwaso izinin fayil na Windows ya kai Ubuntu a hargitse, ke kuwa folda da kwanan wata kawai kike so, shi ne `-rt`. `-P` yana nuna lissafi, yana kuma ajiye guntun da ya isa. Sai dai ga wani abu da ba a cika faɗa ba: wannan ajiyar tana yiwuwa ne idan rsync na can ya samu damar rufewa a natse. Idan wutar Aboabo ce ta tafi, kwamfutar tebur ta mutu fat, guntun yana nan a ɓoye da wani suna, kuma ba zai waiwaye shi ba. `--append-verify` yana rubutu kai tsaye a cikin fayil ɗin, idan an dawo ya ɗora daga inda aka tsaya, a ƙarshe ya auna duka, in bai yi daidai ba ya sake. Ya dace da bidiyon kyamara da ba ya canzawa. Kada ki yi amfani da shi a kan takardar da ake ta gyarawa.

Kada ki sa `-z`. Matsewa ce, bidiyo kuwa a matse yake tun daga kyamara, wahalar da laftof kawai za ki yi.

Maganar `timed out` na bar wa samarin Sakil, sun fi ni sanin rautocin zamani.

Ɗan Sakil

Malam ya gama magana, Allah ya ƙara ilimi. Anti Maman Hanifa, ni gyaran laftof nake yi a Tip Toe Lane, wannan `timed out` ɗin kusan kullum sai an kawo min shi.

Lambar nan 192.168.1.20 lambar cikin gida ce. Kamar a ce "ɗaki na uku hannun dama." A cikin gidan su Anti Ummi kowa ya gane, amma ki tsaya a Nima ki ce a kai ki ɗaki na uku hannun dama, na wane gida? Duk lambar da ta fara da 192.168, ko da 10, ba ta fita waje, rauta ce ke raba wa 'yan gida. Da kika rubuta ta a Nima, laftof ɗinki cikin gidanku ya yi ta nema.

Wani zai ce a buɗe ƙofa ta 22, wadda SSH ke shiga ta ita, a rautar Kumasi. Ni ban ba ki wannan shawarar ba. Na ɗaya, idan rautar mai sim ce, yawanci kamfani ya tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, ko kin buɗe ba mai isowa. Na biyu, in ma ta buɗu, duk ƙofa ta 22 da ta leƙa intanet, kafin gari ya waye injinan 'yan damfara sun fara ƙwanƙwasa ta suna gwada kalmomin sirri. Na gani da idona a rajistar wata kwamfuta, layi bayan layi, `root`, `admin`, `test`, dare ɗaya.

Ku sa Tailscale, manhajar da ke haɗa kwamfutoci na nesa kamar suna gida ɗaya, a kwamfutocin biyu, ku shiga da asusu ɗaya. A kan WireGuard, wani tsarin kulle layi, aka gina shi, don amfanin mutum na kansa kyauta ne. Zai ba kowace kwamfuta lamba mai farawa da 100, wadda ke aiki ko kina Nima ko Tamale, kuma ba wanda ke ganinta sai na cikin asusun. Wannan lambar za ki sa a inda Malam ya rubuta "adireshin." Ke a Windows za ki sa shi, Ubuntun ciki zai bi ta nan. Ki gwada `tailscale ping` da lambar Anti Ummi. Idan amsar ta nuna `via DERP`, ta tashar tsakiya kuke bi, a kulle yake har yanzu amma zai yi nawa. Idan ta nuna adireshi kai tsaye, kun dace.

Don kada ki kwana kina gadin allo, fara da `eval $(ssh-agent)` sannan `ssh-add`, ki sa jimlar mabuɗinki sau ɗaya. Sai ki naɗe layin Malam haka:

`until rsync ...; do sleep 60; done`

Wajen ɗigogin nan ki cika da sauran layin. Ma'anarsa, in ya yanke a jira minti ɗaya a sake, har ya gama. Ki hana laftof ɗin barci idan yana caji, ki sa Anti Ummi ta shiga BIOS, saitin da ake shiga lokacin kunna inji, ta saita kwamfutar tebur ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, a kan rauta ma yana rage ciwon kai.

Abu ɗaya nake roƙonki, Anti. Za ki ga `--delete` a misalai da yawa. Kada hannunki ya kai can. Aikinsa ya goge duk abin da ke can wanda babu shi a nan. Shekarar da na fara koyo na yi wa wani kwastoma kwafi, na juya wurin ɗauka da wurin kaiwa, ga `--delete` a ciki. Folda fanko ta shafe hotunan shekara huɗu cikin ƙiftawar ido. Mutumin bai zage ni ba, zama ya yi a benci ya dafe kai, wannan ya fi zagi ciwo. Kwana uku ina tono, rabi na samo. Tun ranar, kowane sabon layi sai na fara sa masa `-n`, ya nuna min abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba.

Kuma ki lura da sandar ƙarshe. `mamobi` zai kai foldar da kanta. `mamobi/` zai zazzage abin da ke ciki kawai, ya cakuɗe da na wani bikin.

Maman Hanifa, Nima

Malam, Allah ya ja kwana. Ƙanina na Sakil, Allah ya yi wa sana'a albarka, misalin ɗaki na uku ya shige ni sarai. Mun sa Tailscale jiya bayan isha'i, muna waya da Ummi. Da na yi ssh karon farko sai ya tsaya ya ce `The authenticity of host can't be established`, ya jero wasu haruffa bayan `SHA256`, yana so in ce `yes`. Ban ce ba, na rufe. A Kumasi Ummi ce ta danna, ban kula ba. Wannan fa, wani ne ya shiga tsakani?

Malam Idi, Asawase

Kin yi daidai da kika tsaya, mutane da yawa dannawa kawai suke yi. Kwamfutar ce ke nuna miki zanen yatsanta, tunda ta wannan sabuwar lambar ba ku taɓa haɗuwa ba. Ki kira Ummi, ta rubuta wannan a can:

`ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub`

Ta karanto miki haruffan da muryarta, ki bi da yatsa. Sun yi daidai, ki ce `yes`. Laftof ɗinki zai adana shi a `known_hosts`, ba zai sake tambaya ba. Ranar da kuwa kika ga babban gargaɗi da manyan baƙaƙe, `REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED`, kada ki tura komai sai kin ji daga bakinta ko ta sake sa Ubuntu ne. In ba ta taɓa komai ba, to a tsaya a bincika.

Hajiya Rabi, Madina

'Yar'uwa, labarin salatif ɗin nan ya taɓa ni, don ni ma bayanan mutane nake riƙewa, a ofishin ajiyar takardu na wani asibiti. Maza sun ba ki hanya mai kyau, ni lissafi zan ɗan yi miki, don kada ranar Asabar ta ba ki mamaki.

Saurin da ake tallatawa na saukewa ne, ke kuwa ɗorawa za ki yi, kuma shi ya fi ƙanƙanta. Ki auna naki. In ya kai megabit 10 a daƙiƙa, giga 60 zai ci awa 13 da 'yan mintuna. In 5 ne, ya haura kwana guda cur. Ga kuɗin data a ɓangarenki, ga na Ummi, don ita ma abin da ta karɓa ana cire mata. Ankara zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne, mota na kai diski mai tera guda a yini ɗaya. Kuma ba mu manta da Maris ɗin 2024 ba, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, muka yi kwanaki muna lalube. Don haka kada ki rufe ƙofar mota gaba ɗaya. Laifin ba na diskin ba ne, a buɗe yake tafiya shi ya sa.

Ki kulle shi. VeraCrypt kyauta ne, yana aiki a Windows da Ubuntu, ki kulle diskin dukansa da jimla mai tsawo, ki faɗa wa Ummi baki da baki. Wanda ya yage ambulan ya jona, abin da zai gani kawai kwamfuta na cewa diskin yana buƙatar a wanke shi. Mafi munin abin da zai faru ki rasa diskin, shi ya sa ba a goge na gida sai an tabbatar ya isa. Idan fayil ɗaya ne kuma kin saba da baƙin allo, `gpg -c lalle1.MP4` ma ya isa, zai tambayi jimla ya fitar da kullallen kwafi.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan isar kaya. SSH rakiya yake yi, yana kaiwa bakin ƙofa ya juya. Da zarar bidiyon ya sauka a kwamfutar Aboabo, a buɗe yake zaune. Wa ke shiga ɗakin? Yara na kallon wasa a kanta? In ta lalace, wa za a kai wa gyara, da diskin a ciki? Yawancin abin kunyar da muke ji ya fita, ta irin wannan ƙofar yake fita. Ubuntu na ba da zaɓin kulle diski tun lokacin sa shi, sai dai ku sani, in kun kulle diskin da take tashi da shi, ba za ta gama kunna kanta bayan dumso ba sai an zo an sa jimla. Mafita ita ce Ummi ta riƙa kwashe abin da ya iso zuwa kullallen diski da safe, ta goge na rumbun. Laftof ɗinki ma haka, da katunan kyamara da ke yawo a jaka.

Mu a wajen aiki dokar kare bayanan mutane ta 2012, Act 843, ita ke kanmu, kuma hoton mutum da za a iya gane shi yana cikin abin da take karewa. Ki riƙa gaya wa iyayen amarya tun farko wa zai ga bidiyon, da tsawon lokacin da za ki riƙe kwafi kafin ki goge.

Na ƙarshe, kafin ki wanke kati, ki auna. A cikin foldar ki rubuta `sha256sum *.MP4 > awo.txt`, ki tura `awo.txt` tare da kayan. Ummi ta rubuta `sha256sum -c awo.txt`. Kowane fayil zai ce `OK` ko `FAILED`. Ko ta mota ko ta waya, wannan awon ba na tsallake shi.

Maman Hanifa, Nima

Jama'a na dawo da labari. Hajiya, na gode, maganar bakin ƙofa ta sa mun yi doguwar waya da Ummi. Ashe ɗan maƙwabciyarta yakan zo ya buga wasa a kwamfutar nan. An daina daga ranar, ta kuma mayar da ita uwar ɗaki.

Zanen yatsan mun karanta shi harafi harafi, ita tana faɗa ina bi da biro, har muka yi gardama a kan wani ko ƙaramin L ne ko babban I. Ya yi daidai, na ce `yes`.

Bikin Asabar giga 74 na ɗauko. Na dawo gida wajen sha ɗaya na dare ƙafafuna kamar ba nawa ba, na juye katunan, na yi awon Hajiya, na gwada da `-n` kamar yadda ƙanina ya ce. Ai kuwa ya ceci raina, na sa sandar ƙarshe ban sani ba, da sun zube cikin aikin wani suna. Na gyara na sake shi, na kwanta. Da asuba na tarar ya yanke sau biyu, ɗaya wutar Aboabo ce ta tafi kusan awa guda. Na zauna a kan sallaya ina kallon allon, na ga ya koma kan `lalle2.MP4`, ya ɗan yi jim, sai lissafin ya ɗora daga inda ya tsaya. Hanifa ta shigo da kokon da ta sayo ta same ni ina ta hamdala ni kaɗai.

Lissafin Hajiya gaskiya ne, bai gama ba sai bayan azahar ɗin Litinin, kuma datar da ya sha ta sa dole in ƙara wani abu a kuɗin aiki. Ummi ta turo min hoton allonta, fayil 23, `OK` 23. Sai a lokacin na wanke katunan.

Shawarar da muka yanke: ɓangaren mata da duk abin gaggawa ta rsync zai riƙa tafiya, ɗaurin aure da walima da sauran masu nauyi su bi mota a diski mai VeraCrypt. Na sayi sabon diski a Sakil jiya, yau da dare zan kulle shi.

Saura tambaya ɗaya, Malam. Idan Ummi ta gama tacewa, ni zan jawo daga nan ta hanyar juya layin, adireshinta a farko foldata a ƙarshe? Ko sai ta turo, wanda ke nufin in buɗe ƙofa a laftof ɗina? Na fi son in jawo da kaina in zai yiwu. Uwar amarya ta kira sau biyu tun safe, tana son ta gani kafin baƙinta na Yendi su koma ranar Juma'a.